Firgici Yakan Zauna A Jiki: Jawabin Sakatare A Taron Wata

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu da 'yan uwa.

Mun ga rikicin Shagamu a 1999, na Idi-Araba a 2002, da na kasuwar Shasha a 2021. Ƙura ta lafa, amma har yau a gidajenmu akwai wanda in taya ta fashe sai gabansa ya faɗi, gumi ya keto masa, barci ya gagara. Wannan ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba. Jiki ne bai yarda tarzoma ta wuce ba.

Shi ya sa wasu ƙwararru kan fara da jikin: a zauna, a kafa ƙafafu a ƙasa, a ja numfashi, a sake shi sannu a hankali. Ba a tilasta wa kowa ba da labari.

In abin ya wuce wata guda, mu kai mutum asibiti. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta hana nuna wa irin waɗannan majinyata bambanci. Asibitin Aro a Abeokuta da na Yaba a Legas na gwamnatin tarayya ne, mu ma muna da haƙƙi a can. Mu haɗa addu'a da magani.

Allah ya zaunar da mu lafiya.