Jan ido da zazzaɓin da ya ƙi tafiya

Kafin mu buɗe akwati a fara zubi, ku ba ni aron kunnuwanku.

A wani ƙauye da nake zuwa, wata 'yar ƙungiya ta yi kusan wata guda tana zazzaɓi. An sha maganin maleriya, an sha na taifot, shiru. Da dare gumi ya jiƙa zane, ga kasala, ga haki in ta ɗebo ruwa. Rannan sai ido ɗaya ya yi jawur, yana zugi, tana gani dishi-dishi. Kowa ya ce afolo ne, aka ɗiga mata ruwan nono. Da aka je asibiti, likita ya ce daga zuciya ciwon ya taso.

Za ku ce ina ruwan zuciya da ido? Jini ne ya haɗa su. Ƙwayoyin cuta kan shiga jini ta ruɓaɓɓen haƙori, ko maruru, ko allura da askar da ba su da tsafta. Sai su maƙale a 'yan ƙofofin cikin zuciya, musamman in da ma sun samu rauni tun yarinta, daga ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba. Daga nan jini ya kwashe su ya kai har cikin ƙwayar ido. Afolo yakan zo da kwantsa da ƙaiƙayi, yakan bi gida, amma ba ya cika rage gani. Wannan kuwa cikin 'yan kwanaki yana iya makantar da mutum, kuma zuciyar ma tana cikin haɗari.

Maganinsa ba na kemis ba ne. Sai an kwantar da mutum, a gwada jini, a yi hoton zuciya, a riƙa allura ta jijiya mako 4 zuwa 6. Wani lokaci har cikin idon ake yin allurar.

Ita wannan baiwar Allah ta rayu, amma idon bai dawo daidai ba. Abin da ya fi damuna, kwana huɗu ta yi a gida saboda kuɗin mota, alhali ƙungiyarsu na da asusun taimako, kunya ce ta hana ta tambaya.

Don haka ga shawarata: duk wadda zazzaɓi ya haɗe mata da ciwon ido, ita ko ɗanta, a fitar mata da kuɗin mota a ranar, ba sai an jira zama ba. Shugaba, a ji ra'ayin mutane, in an amince sakatariya ta rubuta.