Ƙwarin da ke ɓoye cikin ƙasar leda: jawabin ɓangaren masu renon dashe

 

An ce mu yi magana a kan dashen da muke reno cikin leda da tsofaffin bokitai a tsakar gida: zogale, gwanda, mangwaro, tattasai da tumatir, waɗanda muke kai wa kasuwa nan Sanyinna da Tambuwal, wasunmu har Kebbe. Kuɗin adashe da na rancen ƙungiya ke cikin ledojin nan. In leda ɗari suka mutu, ranar biya ba za ta jira mu ba.

Yawancinmu ganye muke kallo, alhali ɓarnar tana ƙasa. Dashe ya yi yaushi, ganye ya yi rawaya, sai a ce ƙishirwa ce, a ƙara ruwa. To ruwan nan shi ne abincin ɓarawon. Ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke tashi in an taɓa leda, cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa suke zuba ƙwai. Ƙwan ya zama tsutsa fara siririya mai baƙin kai, ita ke cin ƙananan saiwoyi. Cikin mako 3 zuwa 4 sun sake haihuwa. Ga yadda muke gane su: a yanka dankalin turawa, a kifa a kan ƙasar, bayan kwana biyu a ɗaga. In suna nan za a gan su manne. Maganinsu na farko ba a sayen shi. A huda gindin leda, a bar saman ƙasa ya bushe kamar tsawon gaɓar yatsa kafin a sake ba da ruwa, a zuba yashi a kai.

Sai gwazarma, wadda mu da kanmu muke ɗauko ta da ɗanyen taki daga turke. Taki sai ya ruɓe ya huce. Mu abin da munka ga ya fi, a watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke dukan gaske, a haɗa ƙasa da taki, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa, a rufe da farar leda a danne gefe da duwatsu, a bar shi kamar wata ɗaya. Zafin Sakkwato da muke kuka da shi, a nan yana yi mana aiki kyauta.

Gara kuwa ta ƙasa take hawowa, don haka a ɗora ledoji a kan bulo, a barbaɗa toka a ƙarƙashi.

In abin ya riga ya kama, ga dogon yaro a ƙofar kowa. A ɓare 'ya'yan, a daka ƙwayar, gram 50 ga lita ɗaya ta ruwa, wato kamar cikin tafin hannu. A jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a zuba a gindi da marece don rana na kashe ƙarfinsa. A maimaita bayan mako guda. Kada a yi shi a turmin fura, ɗacin ba ya fita da wuri.

Maganar fiya-fiya kuma, don Allah 'yan uwa mu bari. Guba ce, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni. Ledojinmu suna inda yara ke rarrafe, inda kaji ke kiwo, ganyen zogalen kuma kwaɗo za a yi da shi. Duk wadda dole ta sa ta sayi maganin shago, ta kawo kwalbar ajin yaƙi da jahilci mu karanta takardar tare, mu ga yawan da ake sawa da kwanakin da ake jira kafin a tsinka.

Masu son ƙasar da aka gasa a rana su ba ma'aji sunansu yau, don mu san buhu nawa za mu haɗa kafin bazara.