TAKARDAR SHAIDA DA AMANAR JAMA'A: MANAJAN ƘUNGIYAR MASU GIDAJE A AMURKA



Wannan lacca za ta yi magana ne a kan wata sana'a wadda ba a cika jin labarinta ba, wato aikin manajan ƙungiyar masu gidaje a ƙasar Amurka, da irin matakan da mutum yake hawa kafin a miƙa masa takardar shaida cewa ya ƙware a cikinta. Tambayar da za a bi diddiginta ita ce: me wannan takarda take iya tsare wa jama'a, kuma ina ƙarfinta yake tsayawa?

Kafin a kai ga manajan, ya kamata a san ƙungiyar da ta ɗauke shi aiki. A Amurka, idan kamfani ya gina unguwa sabuwa, ko ya gina dogon bene ya yanka shi sassa-sassa don sayarwa, yakan rubuta waɗansu sharuɗɗa ya liƙa su a takardun filin tun kafin a sayar da gida ko ɗaya. Duk wanda ya sayi gida a wurin, to, ya shiga ƙungiya ke nan, ko yana so ko ba ya so, kuma ba shi da hanyar fita sai ya sayar. Abin da ke cikin sashensa nasa ne. Amma rufi, da ginshiƙai, da matakala, da hanyar mota, da magudanar ruwa, da wurin ninƙaya, duk na haɗaka ne, kowa yana da rabo, kowa kuma yana biyan kuɗin kula da su wata-wata. Wanda ya ƙi biya, ƙungiya tana da ikon ta ɗora bashin a kan gidansa, a jihohi da yawa ma har ta sa a yi gwanjon gidan. Ashe ke nan wata 'yar ƙaramar hukuma ce mai haraji da doka da horo, sai dai ba ta gwamnati ba ce.

Abin ya bunƙasa da sauri. A 1961 ne dokar gidaje ta tarayya ta yarda gwamnati ta tsaya wa masu ba da rancen sayen sashe a cikin benen haɗaka, daga nan jihohi suka yi ta kafa dokokinsu. A 1970 an ƙiyasta irin waɗannan ƙungiyoyi sun kai 10,000, masu ɗauke da mutane kamar miliyan 2. A 2023 kuwa ƙiyasin ya kai ƙungiyoyi 365,000, mazaunansu kuma sun haura miliyan 75, wato fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar.

Masu gidajen su suke zaɓen kwamitin gudanarwa daga cikinsu. 'Yan kwamitin nan ba a biyansu, kuma sau da yawa za a tarar wannan malamin makaranta ne da ya yi ritaya, wancan likitan haƙori, waccan mai kanti. Babu laifi a cikin ko ɗaya daga waɗannan sana'o'i, sai dai ba su koya wa mutum karanta rahoton injiniya ko takardar inshora. Saboda haka ne kwamiti yake ɗaukar manaja, ko kai tsaye ko ta hannun kamfani. Shi ne mai tsara kasafin kuɗin shekara, mai karɓar kuɗin wata, mai kiran 'yan kwangila su kawo farashi, mai shirya taro da ajiye takardu, kuma shi ne ake buga wa waya da tsakar dare idan bututu ya fashe. Dukiyar da take bi ta hannunsa takan kai miliyoyin daloli a shekara. A lura da wani abu guda tun daga nan, domin za a dawo kansa: manaja mai ba da shawara ne kuma mai zartarwa, amma yanke magana na kwamiti ne, kwamitin da yake iya sallamarsa.

To, yaya za a bambanta wanda ya san aikin da wanda ya shigo neman abinci kurum? A 1973 aka kafa wata cibiya mai suna Community Associations Institute, wadda ake taƙaita sunanta da CAI, don ilmantar da 'yan kwamiti da manajoji. A 1995 ita kuma ta kafa wata hukuma ta dabam mai shirya jarrabawa, wadda daga baya aka san ta da CAMICB. Hikimar raba su ita ce kada mai koyarwa ya zama shi ne mai gwadawa, dabarar da duk wanda ya taɓa zaman jarrabawar ƙarin girma a aikin gwamnati zai gane amfaninta.

Matakin farko ana kiransa CMCA. Mai nema yakan fara da wani kwas na share fage mai lamba M-100, wanda bai wuce kwana uku ba idan a aji aka yi shi, ana kuma iya yinsa ta intanet. Wanda ya yi shekaru yana aikin, ko yake riƙe da lasin na waɗansu jihohi, ana iya ɗauke masa kwas ɗin. Sa'an nan ya zauna jarrabawa mai tambayoyi 120, irin waɗanda ake zaɓen amsa, cikin awa biyu da rabi. Tambayoyin sun shafi dokokin mulkin ƙungiya, da kasafi da asusun tanadi, da inshora, da ba da kwangila, da gyaran gine-gine, da shirya taro, da sha'anin ma'aikata. Idan ya ci, sai ya ɗauki alkawarin bin ƙa'idojin ɗa'a na sana'ar, kana kowace shekara biyu ya nuna shaidar ƙarin karatu na awa 16. Wanda aka kama da cin amana ana iya karɓe takardarsa.

Mataki na biyu, AMS, yana bukatar shekara biyu a bakin aiki da ƙarin kwasa-kwasai biyu. Ba sai an daɗe a kansa ba.

Na uku, PCAM, shi ne ƙololuwa, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a dube shi. Sai mutum ya shekara biyar yana riƙe da ƙungiya, ya kuma gama kwasa-kwasai shida: kula da gine-gine, sadarwa da mazauna, jagoranci, tsarin mulki, kiyaye hasara, da sarrafa kuɗi. Bayan wannan sai a kai shi wata ƙungiya ta gaske wadda ba tasa ba, a buɗe masa littattafan kuɗinta da takardun kafuwarta, ya zaga wurin, ya gana da manajanta da 'yan kwamitinta da lauyanta, sa'an nan ya koma gida ya rubuta dogon rahoto a kan abin da ya gani da abin da ya kamata a gyara. Wannan gwaji ya ɗara na farko nesa ba kusa ba. Mai haddar littafi yana iya tsallake tambayoyi 120, amma ba zai iya ɓoye jahilcinsa ba idan aka ajiye masa kasafin wasu mutane aka ce ya nuna inda ramin yake.

Waɗannan takardu uku duka na sa-kai ne, 'yan sana'a ne suka ƙirƙiro su don kansu. Lasin na gwamnati wani abu ne dabam, kuma jihohi ƙalilan ne suke wajabta shi, irin su Fulorida da Nebada da Joojiya da Bajiniya da Ilinoi. A Fulorida, duk mai karɓar lada don riƙe ƙungiyar da gidajenta suka wuce 10, ko kasafinta ya wuce dala 100,000 a shekara, dole ya yi karatu, a ɗauki zanen yatsunsa, ya ci jarrabawar jiha. Jihar Kolorado ta fara ba da lasin a 2015, amma a 2019 gwamnan jihar ya ƙi sa hannu a kan dokar tsawaita tsarin, sai ya mutu. Masu sukar lasin suna cewa shinge ne da tsofaffin hannu suke kafawa don hana sababbi shiga, ya kuma ƙara wa talaka tsada. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin kuɗin kwas da na jarrabawa da na sabuntawa a ƙarshe daga aljihun masu gidaje yake fitowa. Amma mai wannan suka ya kamata ya faɗi wace ƙofa mazauna za su ƙwanƙwasa ranar da manaja ya yi sama da asusunsu, ya koma unguwa ta gaba ya sake ɗaukar wani aikin.

Yanzu sai a koma ga abin da aka ce a lura da shi, wato cewa ikon yanke magana ba a hannun manaja yake ba. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a sha'anin asusun tanadi. Rufi yana da shekarun da yake yi, haka famfon tura ruwa, haka kwaltar hanya. Ƙa'idar sana'ar ita ce a sa masani ya lissafta ragowar kwanan kowane abu da kuɗin sake shi, a raba kuɗin bisa shekaru, a riƙa tarawa kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya ci CMCA ya san wannan. To, amma tanadi yana nufin ƙarin kuɗin wata, kuma ɗan kwamitin da ya ƙara wa maƙwabtansa kuɗi, su ne zai haɗu da su a matakala gobe da safe, su ne kuma za su kayar da shi a zaɓe. Dattijo mai cin fansho yana ganin don me zai biya kuɗin rufin da watakila ba zai ga ranar sa shi ba. Wanda yake shirin sayarwa baɗi shi ma haka. Duk wanda ya san gidan gado mai magada goma, ya ga yadda damina take wucewa ana gardamar wa zai biya kuɗin yaɓe, ya riga ya san rabin wannan labari.

A garin Surfside, kusa da Miyami a jihar Fulorida, akwai wani benen haɗaka mai hawa 12 da sassa 136 a bakin teku, sunansa Champlain Towers South, wanda aka gama ginawa a 1981. Dokar yankin a wancan lokaci ta ce a sake duba lafiyar gini idan ya cika shekara 40. Saboda haka ƙungiyar ta ɗauko injiniya, shi kuma a watan Oktoba na 2018 ya ba da rahoto cewa abin da yake hana ruwa ratsa daɓen da ke kewaye da wurin ninƙaya ya lalace, kankaren da ke ƙarƙashinsa ya yi mummunar illa, ginshiƙan wurin ajiye motoci kuma suna tsagewa. An ƙiyasta gyaran a kan dala miliyan 9 da 'yan kai. Abin da yake cikin asusun tanadi bai kai miliyan ɗaya ba. Aka shiga ja-in-ja, waɗansu 'yan kwamiti suka yi murabus a 2019, lokaci yana tafiya, ruwan gishiri yana cin rodi. A watan Afrilu na 2021 shugabar kwamitin ta rubuta wa masu gidaje cewa lalacewar tana ƙaruwa, aka kuma amince da karo-karo na musamman na kimanin dala miliyan 15. Mai ƙaramin sashe zai biya wajen dala 80,000, mai mafi girma fiye da 300,000, kuma a ranar 1 ga Yuli za a fara biya. Ranar Alhamis 24 ga Yuni, 2021, bayan ƙarfe ɗaya na dare, babban ɓangare na benen ya rufta. Mutum 98 suka rasu.

Gano ainihin abin da ya kayar da ginin aikin injiniyoyi ne, hukumar tarayya mai kula da ma'auni da fasaha ce ta ɗauki binciken, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa mutum guda laifi daga kan mumbarin lacca. Abin da ya shafi wannan batu shi ne, abin ya auku ne a jihar da ta daɗe tana tilasta wa manajoji riƙe lasin. Sani bai yi ƙaranci ba: rahoto yana nan a rubuce kusan shekara uku. Abin da aka rasa shi ne wanda zai iya tilasta wa mutane fiye da ɗari su fitar da kuɗi a kan lokaci. A wancan zamani dokar Fulorida ta yarda masu gidaje su jefa ƙuri'a su rage zubin asusun tanadi ko su yafe wa kansu shi ɗungum. Har ma akwai wata doka ta 2008 da ta nemi a riƙa duba irin waɗannan benaye kowace shekara biyar, aka soke ta a 2010 saboda kukan tsada.

Kada a fahimci wannan da cewa takardar shaida ba ta da amfani. Tana da shi ta fuska biyu. Na ɗaya, tana tabbatar da cewa a ɗakin taro akwai aƙalla mutum guda da ya san ma'anar abin da injiniya ya rubuta, ya kuma san cewa shawararsa a rubuce ya kamata ta shiga littafin taro, yadda ba mai cewa ba a gaya masa ba. Na biyu, tana ba manaja abin da zai ji tsoron rasawa wanda ya fi wannan aiki guda da yake riƙe da shi. Idan kwamiti ya matsa masa ya ɓoye rahoto, ko ya ba ɗan'uwan shugaba kwangila a bayan fage, wanda ya kashe shekara biyar yana neman PCAM yana da dalilin cewa a'a, domin ya san in an kore shi a nan takardarsa za ta sama masa wani wuri, in kuwa aka karɓe ta, to, sana'ar ce gaba ɗaya ta tafi. Iyakar ƙarfinta ke nan. Ba ta ba shi ƙuri'a a kwamiti, ba ta kuma sa kwabo a asusu.

Majalisar Fulorida da kanta ta nuna ta gane haka, domin da ta tashi gyara, ba jarrabawar manajoji ta fara taɓawa ba. A watan Mayu na 2022 ta kafa doka cewa duk benen haɗaka mai hawa uku ko fiye sai injiniya ko mai zanen gini ya duba shi idan ya kai shekara 30, sa'an nan kowace shekara 10. Ta wajabta lissafin tanadi a kan rufi da ginshiƙai da harsashi da sauran abin da yake riƙe da gini, ta kuma janye ikon da masu gidaje suke da shi na yafe wa kansu wannan zubi. A watan Yuni na shekarar alƙali ya amince da sulhu na fiye da dala biliyan ɗaya ga iyalan mamatan da waɗanda suka tsira. A 2024 majalisar ta juya kan 'yan kwamiti, ta ce duk wanda aka zaɓa sai ya yi karatu na awa huɗu a kan duba gini da asusun tanadi da ajiye takardu da zaɓe. Kuɗin wata ya tashi ƙwarai a tsofaffin benaye, masu fansho suka yi ta kai kuka ga wakilansu, har a 2025 majalisar ta ƙara wa ƙungiyoyi wa'adin shekara guda, zuwa 31 ga Disamba, 2025, don su kammala lissafin tanadin nasu.