Daga Bakin Uwa Yaro Ke Koyon Kiran Manya

Wadda ke tsakar gida tana tankaɗe da wadda ke gindin murhu, a ɗan jawo rediyon kusa, don maganar yau ta shafi kowace uwa.

Kwanakin baya na je barka wani gida. Muna zaune a ɗakin mai jego, sai ga ɗanta, wanda bai wuce shekara 4 ba, ya ɗaga labule. Ya dubi uwargidan gidan, wato abokiyar zaman mahaifiyarsa, mace har da furfurarta, ya kira sunanta gatsau, ya ce, "Ke wance, ana kiran ki." Ɗaki ya yi tsit. Kunya ta kama mai jego, ta ɗaga hannu za ta make shi. Sai wata dattijuwa ta riƙe hannun, ta ce, "Bar shi, yarinya. A ina ya ji sunan, in ba a ɗakin nan ba?"

To, 'yan uwa, wannan tambaya ita ce maganarmu ta yau. Yaro ba ya zuwa duniya da sunan kowa a bakinsa. Abin da ya ji shi yake maimaitawa. Kuma da yake wuni muke yi da su a cikin gida, maigida yana kasuwa ko wurin aiki, yawancin abin da suka ji daga bakinmu ya fito. In kin ce "je ka wurin Mamanku", Mama zai ce. In kin ce "je ka wurin waccan matar", to ranar da gida ya cika da baƙi zai mayar miki da abinki.

Mu duba abin da muka gada. Bahaushe ya tanadi suna ga kowane babba. Uba shi ne Baba ko Abba. Uwa ita ce Inna, ko Umma, ko Iya, ko Mama, kowane gari da kowane gida da nasa. Ɗan'uwan uba Baffa ne, ɗan'uwan uwa Kawu, 'yar'uwar uba Gwaggo, 'yar'uwar uwa kuma Inna. Wanda ya girme ka a ɗaki ɗaya, ko da shekara guda ce, Yaya ne. In aka fita waje, ga Malam da Malama, ga Alhaji da Hajiya, kuma duk sa'an ubanka Baba ne ko ba ku haɗa jini ba.

Alkunyarmu ma ta wuce nan. Me ya sa gidajenmu suka cika da su Abba, da Abbati, da Baffa, da Ummi, da Walida? Saboda an yi wa kaka takwara, uwa da uba ba za su iya kama sunan nan ba, sai a sakaya. Wato ko a kan jariri Bahaushe bai yarda ya ambaci sunan mahaifinsa ba. Yanzu a ce jikokin waɗannan mutane ne za su tsaya a kan dattijo su ce masa "kai"?

Addininmu kuwa ya riga al'ada magana. A Suratul Isra'i, aya ta 23, Allah Maɗaukaki ya hana mu furta wa iyaye ko da ƙaramar kalmar nuna ƙosawa, ya kuma umarce mu da yi musu magana ta girmamawa. A Suratu Maryam, daga aya ta 42 zuwa ta 45, Annabi Ibrahim (AS) yana jan hankalin mahaifinsa ya bar bautar gumaka, amma har sau 4 da sunan uba yake kiran sa, cikin tausasa harshe. Ku duba fa, uban yana kan ɓata, duk da haka ladabin bai faɗi ba. Haka nan Imam Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, ya kawo a littafinsa Al-Adabul Mufrad cewa Abu Huraira (RA) ya ga mutum biyu tare. Da ya ji ɗayan uban ɗaya ne, sai ya hori ɗan da kada ya kira shi da sunansa, kada ya shiga gabansa in suna tafiya, kada kuma ya riga shi zama.

Sai wata ta ce, to Malama, ta ina zan fara?

Ki fara da bakinki. A gaban yara, maigida "Babanku" ne ko "Abbanku". Uwar miji "Hajiya" ce ko "Kakarku". Abokiyar zama kuwa, ku zauna ku tsayar da sunan da yaran gida duka za su riƙa kiran kowaccenku, misali uwargida Umma, amarya Anti ko Mama. Na san kishi kumallon mata ne, kuma wata ran zuciya takan ɓaci. Amma rigimar manya ta tsaya tsakanin manya. Yaron da kika koya wa raina kishiyarki, raina babba kika koya masa, kuma ke ma babba ce. Ranar da ya tashi juyowa, a kanki zai fara.

Na biyu, ki fara da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da zarar yaro ya soma haɗa kalmomi, wajen shekara 2, ki riƙa ɗora shi: "Ce ina kwana Baba." "Wane ne wannan? Kawu ne." In kin kira shi ya ce "iye?" ko "mene?", kada ki ba shi saƙon, sake kira har sai ya ce "na'am". Ki nuna masa ya rusuna in zai gaida babba, ya karɓi abu da hannun dama, kada ya yi magana daga nesa yana ɗaga murya.

Na uku, a yi gyara ba da duka ba. Yaro ƙarami in ya kama sunan babba, ba rashin kunya yake nufi ba. In aka kwashe da dariya, sai ya ɗauka abin kirki ya yi, gobe ya ƙara. In kuma aka zane shi, tsoro ya koya, bai koyi dalili ba. Ki maimaita masa daidai a hankali, in ya faɗa ki sa masa albarka. Ke ma ki kira shi da daɗin baki. Wadda ke kiran ɗanta "kai ɗan banza" safe da yamma, da wuya ta ji lafazi mai daɗi daga gare shi.

Akwai wuri biyu da ke son lura. Na farko ɗan fari. Saboda kunyar ɗan fari, a gidaje da yawa za ku tarar yaro na kiran mahaifiyarsa Yaya ko Anti, wani ma da sunanta, don abin da ya ji 'yan gidansu na faɗa ke nan. Kunya abu ne mai kyau, amma kada ta hana ɗanki sanin matsayinki. In ba za ki iya gyara masa da kanki ba, ki sa kakarsa ko gwaggonsa su yi. Na biyu, wasan jika da kaka. Jika ya ce wa kakarsa "matata" ko "tsohuwa", wannan wasa ne da muka gada, babu laifi. Sai dai a nuna masa iyaka: tsohuwar maƙwabta ba kakarsa ta wasa ba ce.

Kada kuma girmamawar ta tsaya ga masu hali. Dattijuwar da ke taya ki wanke-wanke, da tsohon da ke kawo ruwa ko itace, su ma Iya ne da Baba. In Hajiya mai gwal ce kaɗai ake rusuna wa, to kuɗi muka koya wa yaro girmamawa, ba furfura ba.

Wasu kan tambaye ni batun Momi da Dadi. Ni dai na fi son namu, don Baffa da Kawu suna gaya wa yaro ta ina ya haɗu da mutum, abin da "Ankul" ba ya yi. Amma in yaro ya ce Momi cikin ladabi, ya fi wanda ya ce Umma yana murguɗa baki.

Iyayena mata, 'yar nan da ke wasa a gabanki gobe gidan wasu za ta. Ranar da ta buɗe baki gaban surukanta, ba ita za a tambaya ba, cewa za a yi, "'Yar wace ce?" Yau da daddare, ki saurari yadda yaranki ke kiran mutanen gidan, ki kuma saurari yadda ke kike kiran su. In akwai gyara, a fara daga nan.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa su zama sanyin idanunmu, ya jiƙan iyayenmu da suka rene mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.