Juma'ar da Wayoyin Kano Suka Daina Shiga

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin masu cewa data ba ta barin su saurara.

Yau maganar 20 ga Janairu 2012 zan yi. Cikin masu bibiyarmu akwai waɗanda lokacin ko firamare ba su shiga ba, to bari in fara da abin da ya faru. Ranar Juma'a ce, wajen ƙarfe biyar na yamma. 'Yan Boko Haram suka kai hari wurare da dama a birnin Kano kusan lokaci guda: ofishin 'yan sanda na shiyya ta ɗaya da ke titin BUK, hedikwatarsu ta Bompai, ofishin SSS, ofishin fasfo na Farm Centre, da wasu caji ofis. Bam, sannan harbi. 'Yan sanda sun ce mutum 185 aka rasa. Cikinsu har da Enenche Akogwu, wakilin Channels TV, wanda aka harbe yana bakin aiki. Gwamnati ta sa dokar hana fita dare da rana.

Ni lokacin ina Rano, aji uku na ƙaramar sakandare. Ko ƙara ba mu ji ba. Shi ya sa idan ana wannan hira a jami'a, abokaina 'yan birni sukan ce, "Kai ɗan ƙauye, me ka sani?" To ga abin da na sani.

Kusan kowane gida a unguwarmu yana da mutum a Kano. Wani yana acaɓa, wani yana dako a Kwari, wani almajiri ne. Namu yayana ne, acaɓa yake yi. Waya ɗaya ce a gidanmu, ta Baba, kuma ranar ba wuta, cajinta ya kusa ƙarewa. Sai ya kunna, ya kira, ta ƙi shiga, ya kashe. Inna tana zaune bakin murhu, tuwo ya huce ba wanda ya taɓa. Rediyo na tsakar gida, ana jiran BBC Hausa, ga sanyin hunturu. Washegari da sassafe kakata ta sa aka ɗauko ta a babur daga Kibiya. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, tun daga zaure take tambaya, "An ji shi?"

Sai da yamma aka ji shi. A shagon wani mai faci ya kwana, su bakwai, ba wanda ya san wani.

Amma maƙwabcinmu bai ji nasa ba. Yaron rake yake sayarwa a baro. Da aka sassauta doka uban ya hau mota, ya je ɗakin ajiye gawa na asibitin Murtala, yana buɗe fuska ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo da hular yaron. Ni na riƙe buta ina zuba wa masu ta'aziyya ruwan alwala, kuma har yau in na ga mai baron rake sai na kalle shi sau biyu.

Abin bai tsaya nan ba. Shingayen bincike suka cika gari, mai babur sai ya sauka ya tura, hannu sama in an ce. A Janairu 2013 aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero hari, bayan 'yan kwanaki gwamnati ta hana goyo a babur cikin birni. Na fahimci dalilin, ba gardama nake ba. Amma samari nawa suka dawo Rano da Kibiya da babur a hannu, ba fasinja? Yayana ya sayar da nasa, kuɗin ba su kai na A Daidaita Sahu ba, ya koma gona. Kuɗin makarantar ƙanwata daga wannan babur suke fitowa. Ba za ka ga irin wannan asara cikin lissafin 185 ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sunaye. A Amurka, duk 11 ga Satumba sai an tsaya an karanta sunayen waɗanda suka mutu a harin 2001, ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa lamba muka riƙe. Wasu za su ce ai mu addu'a muke yi, ba biki ba. Haka ne, kuma addu'a ta fi. Amma wa ya ce ambaton suna yana hana addu'a? Sunan Enenche ya zauna saboda abokan aikinsa suna da makirufo. Mai rake ba shi da kowa sai uwarsa, ita ma tsufa ya kama ta.

Don haka ga roƙona, musamman 'yan Rano, Kibiya da Bunkure. In ka koma gida, tambayi Inna ko Baba: wa muka rasa ranar, ko a harin Babban Masallacin Juma'a na 28 ga Nuwamba 2014? Rubuta sunansa, garinsu, da sana'arsa. Kar ka sa a fili sai iyalinsa sun yarda. Waɗanda suka amince, ku turo ta akwatin saƙon wannan shafi, za mu karanta su a shirin makon 20 ga Janairu, in Allah ya kai mu.

Allah ya jiƙansu da rahama. Sai mako mai zuwa.