Ruwan injin yankan tayil: a tanade shi kafin a kunna, kada ya koma kwami

 Wani zai ce me ya haɗa mai shanu da injin yankan tayil? Ruwa ne ya haɗa ku. Daga Ƙonni zuwa Illela, daga Ɗan Issa zuwa Jibiya, ko'ina shaguna ake ginawa ana shimfiɗa tayil, wanda a wannan gefen muke cewa karo. Alhajin da ke biyan aikin ɗan kasuwa ne. Yaron da ke tsugune gaban injin sau da yawa ɗan ruga ne da ya fito cirani. Ruwan kuma daga rijiyar da garke ke sha ake ɗebo shi.

Injin nan yana da faifai mai ƙwayoyin daimon a bakinsa, da su yake cin tayil, bulo da dutse. Ruwan da ke zuba a kansa aiki biyu yake yi. Yana sanyaya faifan, don in ya yi zafi sai ya lanƙwashe ko haƙoransa su ɓalle, kuɗinka sun tafi. Na biyun shi ya fi damuna. Yashi, kankare da dutse duk suna ɗauke da wani sinadari da ake kira silika. In aka yanka su a bushe, ƙurar da ta fi illa ba ita ce farar da kake gani ba, akwai wadda ido ba ya kamawa, ita ke shiga can ƙasan huhu ta zauna. Shekaru na tafiya huhu na taurarewa, numfashi na gajarta. Ciwon ba shi da magani, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Rawanin da yaro ya naɗe hanci da shi ba ya tare wannan ƙurar. Ruwa ne ke danne ta tun daga bakin faifai.

To ruwa nawa ake magana? Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Ingila ta ce injin yanka na hannu yana son kamar rabin lita a minti ɗaya, kada ya gaza haka. Yi lissafi da kanka: jarkar nan mai ruwan ɗorawa, bido mai lita 25, za ta ba ka minti 50 na yanka ba tsayawa. Kuma ba wanda ke yanka ba tsayawa, akwai awo, akwai shimfiɗa. Gangar lita 200 ta kai aikin shago nesa. Saboda haka, Alhaji, in birkila ya ce maka a yanka a bushe don a rage kuɗin ruwa, abin da za a rage bai kai kuɗin faifai ɗaya ba, balle huhun ɗan mutane. Ka yi ciniki da ɗan ga-ruwa ko mai amalanke tun daren jiya, ganga ta kwana cike. In aka bari sai rana ta take ruwa ya yanke, ba wanda zai tsaya jira, a bushe za a ƙarasa.

Inda babu famfo, jarka ta isa. A rataye ta sama da injin, kamar tsayin mutum, a sa mata siririn tiyo da ƙaramin makunni, ruwa ya gangaro da kansa. A ɗan sassauta murfin don iska ta shiga, in ba haka ba zubar za ta riƙa yankewa. A buɗe ruwa kafin faifai ya taɓa tayil, a tabbata yana sauka a gefe biyu na faifan. In ka ga ƙura tana tashi, ruwan bai isa ba ko ƙofar tiyon ta toshe.

Injin tebur shi yana zuwa da tire a ƙasa da ɗan famfon lantarki a ciki, mai maida ruwan kan faifai. Nan ne ake yawan asara. Bayan 'yan yanka ruwan tiren ya zama kamar kunu, famfon ya tsotsi laka ya toshe, ko ruwan ya ja baya ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Dabarar da na fi yarda da ita ta bokiti uku ce. Ciro famfon daga tire ka sa shi a bokitin ruwa mai kyau, ka ɗora shi kan ɓallin bulo don kada ya zauna a ƙasa. Ruwan tire ya zuba a bokiti na biyu. In ya cika a ajiye shi gefe ya kwanta, a sa na uku a wurinsa. Laka ta zauna, sai a tsiyaye na sama a hankali ta cikin tsumma a maida wa famfo. Ruwa ɗaya zai zagaya sau da yawa. Ko sabon ruwan tafki ne a tace shi, yashi kaɗan ya isa ya toshe ƙofar.

Ruwa da wuta kuwa kun san ba sa ga maciji. Soket ya kasance a sama, nesa da fantsama, a bar wayar ta ɗan yi lilo ƙasa kafin ta hau soket don ɗigo ya sauka a ƙasa. Janareto ya tsaya a busasshen wuri. Akwai wani abu da ake yi da ya kamata a daina: ƙaramin injin gurza na hannu, yaro na gefe yana matsa masa ledar ruwa a faifai. Ba a ƙera shi don ruwa ba, wutar na iya kama wanda ke riƙe da shi nan take.

Yanzu ga taku, iyayenmu masu dabbobi. Ruwan da ya fito daga yankan bulo ko kankare yana da kaifin siminti, yana cin fatar hannu, balle bakin dabba da cikinta. A bazara ɗan maraƙi ko akuya ba sa tambaya, duk inda suka ga ruwa ya taru kafa kai za su yi. In ana gini kusa da mashayarku, ko ana gyaran kwamin siminti a bakin rijiya, ku je ku yi magana da mai aikin tun ranar farko, ku nuna masa inda garke ke bi. Kada ku ba da aron bokitin shayarwa ko rabin gangar da tumaki ke sha a ciki. Kada a wanke tire a bakin rijiya.

Lakar da ta rage ma kada a watsa ta a fili. In ta bushe ƙurar nan ce dai ta dawo, iskar hunturu ta kwashe ta ta kai cikin rumfunan kasuwa. A kwashe ta tun tana jiƙe, a haƙa rami nesa da rijiya da hanyar ruwan sama, a zuba a rufe da ƙasa. In an tashi aiki, a bar famfon ya ja ruwa mai kyau na minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don lakar da ta kwana a cikinsa da safe ta zama dutse.