Wasa a Matsayin Magani: Jinyar Yaron da Bakinsa Ya Kasa Magana



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda ake jinyar yaron da ya ga tashin hankali, amma bakinsa ya kasa faɗin abin da ya gani. Babba idan abu ya dame shi yakan nemi amini ya amayar masa. Shi kuwa yaro kalmominsa kaɗan ne, sai dai hannuwansa ba su rasa abin cewa.

Wata likitar yara ta ƙasar Ingila, Margaret Lowenfeld, ta yi aikin agaji a Polan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ta ga yaran da yaƙi da annoba suka ɗaiɗaita. A shekarar 1928 ta buɗe wurin jinyar yara a Landan. A 1929 ta tanadar musu faranti mai zurfi da rairayi a ciki, da ruwa, da 'yan ƙananan siffofin mutane, dabbobi da gidaje. Sai a bar yaro ya gina abin da ya ga dama. Yaran ne da kansu suka laƙaba wa abin suna "duniya". Idan, alal misali, kullum yaro sai ya gina gida ya rushe, ko ya binne uwa cikin rairayi, to ya yi magana ke nan. A 1947 Virginia Axline ta Amurka ta ƙara wani sharaɗi, watau yaro ne jagora: mai jinya ba ya tsawatawa, ba ya gaggawa, ba ya kuma sa masa magana a baki.

Kayan wannan aiki ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Akwai wasan ƙasa, da 'yar tsana, da shanun laka, da motar kara. Bugu da ƙari, kunya takan hana yaro bayyana damuwarsa a gaban manya, su kuma manya sukan ce ai yaro ne, zai manta. Ba lalle ne ya manta ba. Sau da yawa abin yakan dawo a siffar firgita cikin barci, ko fitsarin kwance, ko daskarewa a aji.

Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba ɗimbin yara da gidajensu a yankin Tafkin Chadi. Abinci da bargo wajibi ne, amma ba su isa ba. Rairayi ba ya tsada. Abin da ke wuya shi ne samun horarren mutum mai haƙurin zama ya kalli wasan yaro har yaron ya gama zancensa. Horar da irin waɗannan mutane nauyi ne a wuyan jami'o'i.

Allah Ya ba da ikon saukewa, amin.